Ƙura tana cika mini tirelar kwana a hanyar burji, ta ina take shiga?

Abu_Safwan

Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar mota da tafiyar daji a kan wata matsala da ta hana ni sakat tun shigowar hunturun nan. Bara na sa wani mai walda ya ƙera mini 'yar tirela mai taya biyu, irin wadda ake ja da mota a kwana a cikinta, tsawonta mita uku, da gado da ma'ajiyar abinci da wurin tukunyar gas, saboda gonata tana can bayan Tiga kuma na gaji da kwana a kujerar mota duk lokacin da aiki ya riƙe ni kwana biyu ko uku. Daga Kano har inda kwalta ta ƙare ba ni da kuka, amma kilomita wajen 20 na burji da suke biyo baya sun isa su mayar da katifa da barguna da kwanuka jawur, har shayin da na dafa sai na ji ƙasa a haƙori. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ƙofar a kulle take, tagogin biyu a rufe, kuma sau biyu ina sake robar ƙofa. Ta ina ƙurar nan take shiga, kuma me ya kamata in yi? Yarona na biyu yana da asma, mahaifiyarsa ta ce ba zai sake bi na ba sai an gyara, ni ma ban ga laifinta ba.

Mai_Walda_Kurna

Wa alaikumus salam. Alhaji, ka ajiye maganar robar ƙofa tukuna, ka shimfiɗa tabarma ka kwanta a ƙarƙashin tirelar ka dube ta da kyau. Yawancinmu idan muna haɗa faranti da ƙarfen gindi ɗigon walda muke yi nan da can, ba ma bin layin gaba ɗaya, domin siririn faranti yana lanƙwashewa idan wuta ta yi masa yawa, kuma tsakanin ɗigo da ɗigo akwai 'yar kafa da ido ba ya saurin kamawa. Ka ƙara da duk hudar da aka yi don waya ko tiyon ruwa ko bututun gas, sannan ka duba kwarin da taya take juyawa a ciki, domin nan ne ƙura ta fi tashi. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Dan_Gwale

Maganin abin ba shi da nisa. Ka sayi silikon da yawa a Ƙofar Ruwa, ka bi duk wata tsaga da huda ciki da waje ka toshe, har da 'yan ramukan shan iska da ake bari a jikin bango, sannan idan za ka tashi ka liƙe gefen ƙofa da faffaɗan salatif. Haka na yi wa rufaffen bayan motata ta ɗaukar kaya, kuma na ga sauƙi.

Tsohon_Direba_Unguwa_Uku

Ɗana Abu Safwan, shekara 31 na yi ina jan motar haya, rabin shekarun nan a hanyoyin kasuwannin ƙauye tun kwalta ba ta kai ko'ina ba. A doguwar Fijo 504, fasinjan kujerar baya shi ne kullum yake sauka da jan gira da jan rawani, ko da kuwa gilasai a rufe suke, na gaba kuma ya sauka tas. Abin da na koya a wajen maigidana shi ne, idan za mu sauka daga kwalta sai a ɗaga gilasai duka, a buɗe mashigar iska ta gaba, a kunna fankar mota ta riƙa turo iskar waje ciki, sai ka ga ƙurar ta ragu ƙwarai. Amma da zarar wani a baya ya sassauta gilashi ko da faɗin yatsa biyu ne don ya sha iska, to an gama, motar za ta cika. Ban san dalilinsa a boko ba, na dai san cewa ta baya mota take shan ƙura, ba ta gaba ba, kuma ina kyautata zaton tirelarka ma haka take.

Malamin_Kimiyya

Baba, abin da kuka lura da shi a kan hanya shi ne ainihin bayanin, kuma ina roƙon 'yan zaure su karanta shi sau biyu. Ƙurar da take damun Abu Safwan ba iska ce take watso ta ciki ba, tirelar ce da kanta take zuƙo ta. Idan akwati yana keta iska, iskar tana matsuwa a goshinsa, amma a gefe da kuma musamman a bayansa matsinta yana raguwa, tana juyawa kamar ƙaramar guguwa, shi ya sa gilashin bayan kowace bas yake fin ko'ina datti. Duk wata kafa da take gefe ko baya tana fitar da iskar da ke cikin ɗakin, sai matsin ciki ya faɗi, ita kuma iska ba ta barin gurbi, dole wata ta shigo ta maye ta. Inda za ta shigo kuwa shi ne ƙasan tirelar da gindin ƙofa, daidai wurin da tayoyi shida, huɗu na mota da biyu na tirela, suke tayar da jar ƙasa.

Akwai kuma abu na biyu da gargadar hanya take haifarwa. Jikin tirela yana murɗawa kaɗan-kaɗan a kan burji, ƙofa tana motsi a cikin firam ɗinta, robar tana matsewa tana saki sau ɗaruruwa a cikin minti ɗaya kamar zugazugin maƙeri, kowane saki kuma yana shigo da ɗan abin da ya samu. Saboda haka toshe kafofi wajibi ne kamar yadda Mai Walda ya faɗa, sai dai ba zai taɓa wadatarwa shi kaɗai ba, domin babu akwatin ƙarfe mai ƙofa da taga da za a rufe shi ruf har iska ta rasa hanya. Abin da ake so shi ne matsin ciki ya ɗara na waje, yadda kowace kafa da ta rage za ta riƙa fitar da iska maimakon shigo da ita.

Abu_Safwan

Malam, Allah ya ƙara ilimi. Idan na fahimce ka daidai, kana nufin in ƙara buɗe wata ƙofar iska a jikin abin da nake kukan ƙura tana shigarsa? Hankalina bai gama kwanciya da wannan ba, ina son ƙarin bayani.

Injiniya_Sharada

Haka yake nufi, Alhaji, kuma ba sabon abu ba ne. A Ostireliya, inda mutane suke jan irin waɗannan ɗakunan kwana ɗaruruwan kilomita a kan jar ƙasa mai kama da tamu, an daɗe ana sa musu wata 'yar taga a kan rufi wadda murfinta yake buɗewa ya fuskanci gaba. Tana kamo iskar sama, wadda ta fi ta ƙasa tsabta nesa ba kusa ba, ta tura ta cikin ɗakin, sai ɗakin ya ɗan kumbura da iska, kafofin ƙasa su koma fitarwa. Ba ta buƙatar batir ko waya, kuma kowane mai walda da ya iya aikin faranti zai ƙera ta a yini ɗaya, faɗin tafin hannu biyu ya isa ɗaki mai mita uku. Sharaɗin kawai shi ne ta zauna a saman rufi wajen gaba, kuma ta kasance tana kulluwa da roba idan an tsaya ko hadari ya taso. Wannan ita ce dabarar da Baba Tsohon Direba ya bayyana, an dai mayar da ita kan tirela ne.

Mai_Burtsatse

Injiniya, da girmamawa, ni na gwada wannan tagar kuma ba zan ba kowa shawararta ido rufe ba. Aikinmu na haƙar rijiyar burtsatse yana kai mu ƙauyukan Sumaila da Doguwa da wasu sassan Jigawa, kuma muna da ɗaki irin wannan da ma'aikata suke kwana a ciki. Ranar da muke tafiya mu kaɗai, iska tana kaɗa ƙurar gefe guda, tagar ta yi aiki har na yaba. Amma mu ba ma tafiya mu kaɗai, babbar motar injin haƙa tana gaba, ta kwamfuresa tana biye, ƙurarsu kuwa tana tashi sama da rufin kowa, sai tagar ta zama mazurari. Wata rana a hanyar wani ƙauye muka iso muka tarar da ƙasa a kan katifu har ana iya rubutu da yatsa, fiye da yadda muke gani kafin a huda rufin. Ko babu ayari, motar da ta zo wucewa ta gabanka ranar kasuwa ta isa ta yi maka wannan aikin, kuma ba za ka riƙa tsayawa kana hawa rufi kana rufewa duk lokacin da ka hango mota ba.

Malamin_Kimiyya

Dukanku biyu kuna da gaskiya, kuma lissafi yana nuna inda iyakar tagar take. A gudun kilomita 60 a awa, duk matsin da iskar gaba za ta iya bayarwa bai wuce wanda zai ɗaga ruwa milimita 17 a cikin tiyo ba, a gudun kilomita 30 kuwa yana komawa milimita 4 da 'yan kai, domin idan gudu ya ragu da rabi matsin yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu ne. Wato a mugunyar hanya, inda dole mutum ya tafi a hankali, nan ne tagar take da rauni, ga kuma matsalar da Mai Burtsatse ya kawo ta rashin tacewa.

Abin da nake ganin ya fi shi ne a haɗa fanka da filta. A samo filtar iska ta mota, ko ta Hilux ko ta babbar mota don ta daɗe ba ta toshe ba, a yi mata gida a sama, a bayanta kuma a sa fankar da take hura iskar na'urar sanyaya mota, mai siffar dodon koɗi, wadda ake samun ta hannu a Ƙofar Ruwa. Kada a sa fankar lagireto ko ta kwamfuta, domin irinsu suna motsa iska da yawa a fili amma ba su da ƙarfin tura ta cikin takardar filta. A jawo mata wuta daga motar da take ja, a sa fis, yadda ba za ta shanye batirin tirela ba. Gwajinta kuma mai sauƙi ne: a ɗauki farin tiyon da magina suke auna lebur da shi, a lanƙwasa shi a zuba ruwa, baki ɗaya a ciki ɗaya a waje, a rufe ƙofa a kunna fankar. Idan ruwan bai motsa ba ko kaɗan, to kafofin sun yi yawa, sai a koma ga aikin Mai Walda.

Mai_Gas_Tarauni

Ina roƙon a dakata a nan, domin akwai maganar da ta wuce a sama wadda ba zan iya yin shiru a kanta ba. Dan Gwale ya ce a toshe har ramukan shan iska, alhali Abu Safwan ya faɗa tun farko cewa akwai tukunyar gas a cikin ɗakin. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, idan ya tsiyaya ba ya tashi sama, ƙasa yake kwanciya kamar ruwa, kuma ramin da ake bari a ƙasa an bar shi ne don ya samu hanyar zurarewa. Ɗaki mai mita uku da aka liƙe ko'ina, ga tukunya tana jijjiga a kan gargada har mahaɗinta ya sassauta, ga kuma fanka mai wutar lantarki da ake shirin ƙarawa, wannan haɗari ne da ya fi ƙura nesa.

Alhaji, ka fitar da tukunyar daga ɗakin gaba ɗaya. A yi mata akwati a waje a kan ƙarfen da ake jan tirelar da shi, a tsaye, a ɗaure, da huda a gindin akwatin, kuma ka rufe ta daga kanta kafin kowace tafiya. Ramukan shan iska kuma a yi musu murfin da ake cirewa, a rufe a hanya, a buɗe da zarar an sauka, kafin a kunna ko ashana. Haka nan kada sanyin hunturu ya sa wani ya shiga da kaskon gawayi ya rufe ƙofa, ko a ajiye janareta kusa da taga, domin iskar da take kashe mutum a barci ba ta da wari ba ta da launi.

Dan_Gwale

Na karɓi gyara, Allah ya saka da alheri. Motata kaya kawai take ɗauka, babu mai kwana ko girki a ciki, shi ya sa ban kawo wannan a raina ba. Amma maganar salatif a gefen ƙofa ina nan a kanta, domin yana aiki kuma kuɗinsa kaɗan ne. Ina kuma shafa wa robar ƙofa ɗan basilin ko baƙin mai don ta yi laushi ta kama sosai.

Bakanike_Kofar_Ruwa

Ɗan'uwa Dan Gwale, wannan ta ƙarshen ma a bar ta. Basilin da baƙin mai duk daga man fetur suka fito, suna kumbura irin robar da ake yi wa ƙofa har ta saki ta lalace, sannan duk inda maiƙo yake nan ƙura take mannewa ta zama kamar sanfefa. Ruwan silikon na fesawa shi ne na roba, ko a goge ta da ɗanyen tsumma kawai. Makulli da kwaɗo ma kada a ɗiga musu mai, a kankare bakin fensir a zuba garin a ciki. Tunda kuma ana maganar burji, Alhaji ka sa a buɗe boris na tayoyin tirelar a duba, domin ƙurar da ta shiga gado ta shiga can ma idan robar da take tsare giris ta gaji, kuma boris ɗin da ya ci ƙasa a tsakiyar daji yake tsayar da mutum.

Ummu_Hanifa

Assalamu alaikum. Maza sun yi bayanin ƙarfe da iska, ni zan yi magana a kan yaron, domin 'yata ma tana da asma kuma muna bin maigidan zuwa garinsu a irin wannan hanya. Ko an yi duk abin da aka faɗa wata ƙurar za ta shiga, saboda haka abin da za a yi a cikin ɗakin yana da nasa muhimmancin. Duk abin da yake riƙe ƙura a fitar da shi, kafet da labule mai kauri da bargon gashi da aka bari a shimfiɗe. Katifa a sa mata rigar leda mai zif, zannuwan gado da barguna da kayan sawa a zuba su a manyan robobi masu murfi, ba a shimfiɗa su sai an isa. Bokitin fenti da aka wanke tas yana da murfi mai kamawa fiye da yawancin kwanukan kasuwa, a ciki nake zuba shinkafa da gari da sukari.

Idan an isa, kada yaron ya shiga tukuna, kuma kada a ɗauki tsintsiya, domin shara tayar da ƙurar take yi ta koma hanci. A buɗe ƙofa da tagogi, a bi ko'ina da jiƙaƙƙen tsumma daga sama zuwa ƙasa, a bar wurin ya sha iska, sannan a yi shimfiɗa. A ajiye tabarmar roba a bakin ƙofa a riƙa cire takalma a waje, domin rabin dattin da ake gani bayan kwana biyu ƙafa ce ta shigo da shi, ba hanya ba. Maganinsa na shaƙa kuma ya zauna a jakar mahaifiyarsa ko aljihun mota, ba a cikin tirelar ba. Maman yaron ta yi daidai da ta tsaya a kan maganarta.

Abu_Safwan

Hajiya, na gode ƙwarai, na tura wa mai ɗakina wannan bayanin kamar yadda yake. Mai Gas, gobe in sha Allah tukunyar za ta fita, ban taɓa tunanin haka ba. Mai Walda, ta yaya zan gane kafofin da ka ce ido ba ya kamawa?

Mai_Walda_Kurna

Bayan isha'i ka sa yaro ya shiga da tocila mai ƙarfi ya rufe ƙofa, ya riƙa haska kusurwoyi da gindin bango da cikin ma'ajiya, kai kuma kana waje kana zagayawa har ƙarƙashi, duk inda haske ya leƙo ka yi masa alama da alli. Ƙofa kuma ka gwada ta da takardar kuɗi, ka sa ta tsakanin roba da firam ka rufe ka ja, idan ta zare ba tare da turjiya ba to robar ba ta kama a nan ba, ka bi gefe huɗu haka. Sau da yawa laifin ba na roba ba ne, makulli ɗaya ne a tsakiya, sama da ƙasan ƙofar suna rawa, sai an ƙara sakata mai matsewa a sama da ƙasa. Kafin ka wanke tirelar ma ka duba inda ƙurar ta yi layi a ciki, domin tana zana hanyar da ta bi.

Wajen toshewa ban goyi bayan silikon na gilashi a ƙarƙashi ba, yana ɓarewa daga ƙarfe idan jijjiga ta yi yawa kuma fenti ba ya kama shi. Ka nemi baƙin gam ɗin da ake liƙa gilashin gaban mota da shi, ka wanke wurin ka bar shi ya bushe sarai kafin ka sa. Inda waya ta ratsa faranti a sa mata zoben roba tukuna.

Mai_Faci_Hotoro

Ni a ganina a rage ƙurar tun daga inda take tashi. A sa wa motar faffaɗan madigadi na roba a bayan tayoyin baya, tirelar ma haka, tsohon bel na injin masana'anta yana yin wannan aiki da kyau. Amma kada ya sauka har ya riƙa sharar ƙasa, a bar kamar faɗin tafin hannu, in ba haka ba shi da kansa zai riƙa tayar da ƙurar. Iskar taya kuma a ɗan rage ta idan an sauka daga kwalta, jijjiga za ta ragu.

Tsohon_Direba_Unguwa_Uku

Maganar madigadi daidai ce. Ta rage iska kuwa a yi hattara, domin tayar da aka rage wa iska ga kaya a kanta tana ɗaukar zafi, idan aka manta aka hau kwalta da gudu a haka tana iya fashewa. Wanda ba shi da famfo a mota ya bar tayarsa yadda take, ya rage gudu kawai. Gudu shi ne uban ƙura, kuma kilomita 20 ba nisa ba ne da mutum zai ƙi ba shi minti arba'in. Idan akwai mota a gabanka ka ja baya har ƙurarta ta kwanta, ka kuma san ranakun kasuwannin da ke kan hanyar ka kauce musu.

Dalibar_Labarin_Kasa

Ina so in ƙara wani bambanci da ban ga an ambata ba, domin Abu Safwan ya ce matsalar ta tsananta ne da shigowar hunturu. Ƙura iri biyu ce a wannan lokaci. Akwai jar ƙasar hanya mai ɗan nauyi, wadda duk bayanan sama suke magana a kanta, akwai kuma farar ƙurar hazo, wadda iskar arewa maso gabas take ɗaukowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, busasshen gindin tsohon tafki wanda yake cikin wuraren da suka fi ko'ina fitar da ƙura a duniya. Ita ce take rufe sararin Kano tsakanin Nuwamba da Maris har wani lokaci jirage su kasa sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano. Wannan ta biyun ba ta buƙatar tirela ta motsa, tana shiga ko a ajiye take a gida, kuma laushinta ya sa ta fi isa can cikin huhu. Saboda haka a duba launin abin da aka tarar a kan katifa: idan ja ne daga hanya yake, idan fari-fari ne mai kama da toka to a wurin ajiya ya taru, maganinsa kuma tamfol ne da rufe ramukan iska muddin ba a amfani da ɗakin.

Manomi_Kadawa

Duk ana maganar rani, amma tirelar za ta ga damina ma. Ɗakin da aka toshe sosai yana riƙe danshi, numfashin mutum biyu a dare ɗaya ya isa ya sa faranti ya yi gumi, bayan mako biyu katifa ta fara wari ta yi fumfuna, wanda ga mai asma bai fi ƙura sauƙi ba. A watan Agusta kuma taɓon da ya manne a ƙarƙashi yana riƙe ruwa ya ci faranti, idan ya bushe kuma shi ne ƙurar tafiya ta gaba. A riƙa wanke ƙasan da tiyo bayan kowace tafiya, kuma duk abin da za a huda a rufi a tuna da ruwan sama kafin a huda.

Abu_Safwan

'Yan zaure, ga abin da ya faru cikin kwana tara. Gwajin tocila ya nuna wurare 14, mafi girmansu a bayan ma'ajiyar abinci inda tiyon ruwa ya ratsa, hudar ta kusa ɗaukar babban yatsa, kuma a nan ne dama kwanuka suka fi yin ja. An toshe su da baƙin gam, an ƙara sakata biyu a ƙofa, tukunyar gas ta koma waje, an sa madigadi. Ranar Asabar na je gona ni kaɗai, na shimfiɗa farin ƙyalle a kan gado don in gani da idona. Ƙurar ta ragu sosai, ba zan ce ta kai rabin ta da ba, amma ƙyallen bai dawo fari ba, kuma kusurwar baya ta hagu da gindin ƙofa har yanzu suna yin layi ja. Ban huda rufi ba tukuna, domin na kasa yanke shawara tsakanin tagar Injiniya da fankar Malam.

Injiniya_Sharada

Sakamakon ya yi daidai da abin da Malamin Kimiyya ya faɗa, toshewa ta rage amma zuƙar tana nan. Tunda kai kaɗai kake bin hanyar ba ayari ba, ni har yanzu taga nake ba ka shawara, a sa mata soson filta a baki, domin duk abin da yake da waya da fanka wata rana zai tsaya a inda babu mai gyara.

Mai_Burtsatse

Soson da zai tare jar ƙasa zai tare iskar ma, Injiniya, musamman a gudun da Baba ya ce a riƙa yi. Mu fanka da filtar babbar mota muka koma, wata bakwai ke nan, abin da kawai muke yi shi ne cire filtar a kakkaɓe ta a hankali bayan kowace tafiya, ba a wanke ta da ruwa. Abu ɗaya da zan ja kunne a kai shi ne bakin shan iskar ya yi nesa da salansar motar da take ja, domin da farko namu yana ƙasa-ƙasa a goshi, sai da barguna suka ɗauki warin hayaƙin mota muka mayar da shi sama.

Mai_Walda_Kurna

Alhaji, ko wacce ka zaɓa, kada a sa wuta a rufin sai an cire silin an ga inda ƙarafan suka bi, domin idan aka yanke ɗaya rufin zai riƙa lotsawa ruwa ya kwanta a wurin. Ni da za a bi tawa, a can saman bangon gaba za a huda, dab da rufi, a yi masa 'yar rumfa. Kusurwar hagun nan kuma ka sake duba ta da rana, ina zargin ramin fitilar baya ne, domin tocila ba ta nuna shi idan gidan fitilar ya rufe hasken.

Injiniya_Sharada

Bangon gaba yana cikin inuwar motar da take ja, kuma nan ƙurar bayanta take juyawa. Abu Safwan, ka auna mana tsayin tirelar da na rufin motar daga ƙasa, idan tirelar ba ta ɗara motar da ko rabin mita ba to ban yarda da goshi ba.